RUWAN ZAFI NA BIRNIN BATH
Labarin Wurin Wanka Mai Shekara Kusan Dubu Biyu

A ƙasar Ingila, kamar mil ɗari yamma da Landan, akwai wani birni a cikin kwari, a bakin kogin Avon, ana ce da shi Bath. Ma'anar sunan nan da Turanci ita ce wanka. Abin da ya jawo masa sunan kuwa shi ne waɗansu idanun ruwa guda uku da ke tsakiyarsa, waɗanda ruwansu ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa da zafinsa, ba wuta ba itace, rani da damina. Duk tsibirin Birtaniya babu idon ruwan da ya kai su zafi. A ƙasar da sanyi ya kan sa ruwa ya daskare ya zama kamar dutse, ba sai an faɗa wa mai karatu darajar irin wannan kyauta ba.

Babba daga cikinsu shi ne wanda a ke kira Idon Sarki. Zafin ruwansa digiri 46 ne, bisa ma'aunin da ruwa ke tafasa a digiri 100. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne, watau ke nan ruwan ya fi jiki zafi sosai. Masu karatunmu da suka taɓa shiga ruwan Wikki na Yankari, a ƙasar Bauchi, sai su tuna shi digiri 31 ne, su ƙiyasta bambancin. Yawan ruwan da ke fitowa kullum ya ɗara lita miliyan ɗaya, wajen galan 250,000 ke nan. In aka zuba shi a garwar kananzir mai cin galan huɗu, sai ya cika garwa fiye da 60,000. Ɗan garuwa mai ɗaukar biyu biyu sai ya yi sawu dubu talatin da wani abu kafin ya kwashe na yini ɗaya da kwana ɗaya.

Masana ƙasa sun ce asalinsa ruwan sama ne da ya sauka a kan duwatsun Mendip, kudu maso yamma da birnin. Sai ya yi ta tsatsafawa cikin dutsen farar ƙasa, yana nitsewa, har ya kai zurfin mil biyu ko fiye, inda cikin ƙasa ke da zafi ƙwarai. Can ya ke ɗaukar zafi, sa'an nan nauyin ruwan da ke bayansa ya ingizo shi sama ta wata tsagar dutse da ta ɓullo daidai ƙarƙashin garin. Tafiyar nan ta kan ci shekaru dubbai. Ruwan da mutum zai tsoma hannu a ciki yau ya zubo daga gajimare tun ba a kafa birnin ba. A hanya kuma ya kan narko ma'adinai iri fiye da arba'in, har da gishiri da ƙarfe. Ƙarfen nan shi ke rina duwatsun bakin ruwan su yi ja kamar tsatsa.

Mutanen garin suna da tatsuniyarsu. Wai wani ɗan sarki mai suna Bladud kuturta ta kama shi, aka kore shi daga fada, ya koma kiwon aladu. Aladun suka kamu da ciwon fata, suka riƙa birgima cikin laka mai ɗumi, suka warke. Shi ma ya shiga, ya warke, ya koma gida ya ci sarauta, ya gina gari a wurin. Har yanzu akwai ɗan mutum-mutuminsa a jikin bango yana kallon ruwan. Tatsuniya dai tatsuniya ce. Tarihin da ke da shaida daga Rumawa ya fara.

AIKIN RUMAWA

Rumawa sun ci ƙasar Birtaniya da yaƙi a shekara ta 43 ta Miladiyya, zamanin Sarki Kalaudiyas. Sun tarar wurin fadama ne mai tururi, mutanen ƙasar suna tsafi a nan, suna bauta wa wata gunkiya mai suna Sulis. Rumawa ba su hana ba. Sai suka ce ai ita ce tasu gunkiyar, Minerva, suka gama sunayen biyu, suka sa wa garin Aquae Sulis, watau Ruwan Sulis. Tsakanin shekara ta 60 da ta 70 suka fara ginin ɗakin tsafi da wurin wanka.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba gwaninta. Gini a kan taɓo mai ɓuɓɓuga ba wasa ba ne. Da fari suka kakkafa turakun itacen oak cikin lakar don ƙasa ta yi ƙarfi. Sa'an nan suka kewaye idon da katangar dutse, suka shafe cikinta da dalma, ya zama kamar wata ƙatuwar randa, ruwa ya taru ya hau. Da ya hau sai suka yi masa hanya biyu. Ɗaya ta kai shi babban tafkin wanka, ɗaya kuma, wadda ta fi muhimmanci a ganinmu, babbar magudana ce da ke kwashe rarar ruwa da yashin da ke fitowa tare da shi, ta kai su kogin Avon. Sun sa mata ƙofa da a kan buɗe a wanke randar in yashi ya taru. Tsayinta ya isa mutum ya bi ta ciki ya gyara.

Babban tafkin tsawonsa wajen ƙafa 80 ne, faɗinsa kamar rabin haka, zurfinsa ƙafa biyar da 'yan kai. An shimfiɗe ƙasansa da fallayen dalma guda 45, kuma har gobe su ne a wurin, suna riƙe da ruwa. Ga matakala ta kowane gefe, ga lunguna a jikin bango inda mutane ke zama su yi hira, ko ciniki, ko wasa. Bisa kansa suka yi rufin guga mai tsayin ƙafa sittin da wani abu. Gabas da yamma akwai ɗakunan gumi, waɗanda aka ɗora daɓensu a kan ginshiƙan tubali, ana hura wuta a gefe, iska mai zafi na bi ta ƙarƙashi. Mai wanka ya kan fara da ɗaki mai ɗumi, ya wuce mai zafi, a shafa masa mai a kankare dauɗa da wani ƙarfe mai kama da lauje, ya ƙare da faɗawa cikin ruwan sanyi. Mutane sun zo daga nesa. An tono duwatsun da ke ɗauke da sunayen baƙi daga garuruwan da yanzu ke cikin Faransa da Jamus, da na sojojin da suka zo neman lafiya ajali ya riske su.

Idon kansa ba a wanka a cikinsa, na gunkiya ne, sai dai a jefa mata kyauta. Sa'ad da aka yashe shi a 1979 da 1980, ƙarƙashin jagorancin wani masani mai suna Barry Cunliffe, an kwaso tsabar kuɗin Rumawa fiye da 12,000. Amma abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne waɗansu 'yan fallayen dalma wajen 130 masu rubutu, waɗansu a nannaɗe kamar laya. Da aka warware aka karanta, ashe ƙararraki ne. Mutum zai tuɓe ya shiga ruwa, kafin ya fito ɓarawo ya yi gaba da tufafinsa. To, ba ɗan doka, ba alƙalin da zai saurari talaka a kan riga ɗaya, sai ya rubuta ƙararsa ya jefa wa Sulis. Wani mai suna Docilianus an sace masa alkyabba, ya roƙi gunkiyar ta hana ɓarawon barci, ta hana shi haihuwa, namiji ne ko mace, ɗa ne ko bawa, sai ran da ya mayar da ita ɗakin tsafi. Wani kuma, Docimedis, safar hannu kawai ya rasa, amma ya nemi ɓarawon ya haukace, ya makance. Kai, zuciyar ɗan Adam! Waɗansu har jera sunayen waɗanda su ke zargi suka yi. Sarakunan Rum sun bar labarinsu a kan duwatsu, amma muryar talakan Birtaniya na wancan zamani ba a cika jinta ba sai a waɗannan 'yan fallaye.

Wajen shekara ta 410 mulkin Rum ya janye daga Birtaniya. Ruwan bai san an yi ba, ya ci gaba da fitowa kamar kullum. Abin da ya tafi shi ne albashin mai yashe magudana. Yashi ya toshe ta, kogi ya riƙa ambaliya yana komowa ta ciki, laka ta cika tafkin, rufin ya rufta a kai. Sannu a hankali ƙasa ta binne ginin duka, mutane suka yi gidaje da tituna a bisa, har aka manta da shi fiye da shekara dubu.

SARAKUNA DA MABARATA

Wanka bai mutu ɗungum ba. A 1088 aka naɗa wani mutumin Faransa, John na birnin Tours, babban limamin Kirista na yankin. Shi kuwa likita ne tun asali. Ya mai da mazauninsa Bath, ya shiga gine-gine, kuma a ƙarni na 12 aka gina wani tafki daidai kan idon, aka sa masa suna Wankan Sarki. Ginin ya hau kan katangar Rumawa ne, masu shiga ciki ba su san abin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu ba. Wajen 1180 aka kafa gidan jinya na St John domin miskinai, kusa da ƙaramin idon da a ke kira Cross Bath.

A ƙarshen ƙarni na 16 Sarauniya Elizabeth ta Farko ta danƙa idanun a hannun hukumar gari. A 1597 kuma Majalisar Ingila ta yi doka ta ba marasa lafiya matalauta izinin wanka kyauta. Niyya mai kyau ce, amma ba a tanadi inda za su kwana ko abin da za su ci ba. Guragu da kutare da masu ƙaryar ciwo suka cika gari da bara, har mabaratan Bath suka zama abin misali a ƙasar. Tafkin kuwa a buɗe ya ke, maza da mata tare, 'yan kallo na leƙe ta bisa. Wani babban ma'aikacin Gwamnati mai suna Samuel Pepys, wanda ya yi wanka a nan a 1668, ya rubuta a littafinsa na kullum cewa shi dai yana shakkar tsabtar ruwan da jikuna da yawa haka ke shiga lokaci guda. Duk da haka ya shiga, ya daɗe a ciki. Waɗanda suka sami sauƙi su kan bar zoben tagulla a jikin bango, da sunansu a kai, don na baya su riƙa kamawa, kuma waɗansu zobban suna nan har yanzu.

Akwai wankan da ya taɓa gadon sarautar Ingila. Matar Sarki James na Biyu, Mary ta Modena, ta daɗe ba ta da ɗa namiji a raye. A 1687 ta zo ta yi wanka a Cross Bath, a watan Yuni na 1688 ta haifi ɗa namiji. Sarkin ɗan Katolika ne, manyan ƙasa kuwa 'yan Furotesta ne, da ma haƙuri su ke yi da shi don suna tsammanin 'yarsa ce za ta gaje shi. Da suka ga magaji ya samu sai suka kira mijin 'yar daga Holan, kafin shekarar ta ƙare Sarki ya gudu Faransa. Ko ruwan ne ya kawo cikin, wannan ba mai iya rantsewa, amma masu masaukin baƙi na Bath ba su yi gardama ba.

Bayan Sarauniya Anne ta ziyarci garin a 1702 da 1703 sai masu kuɗi suka yi caa. Wani ɗan caca mai son ado, Richard Nash, ya zama kamar sarkin biki na garin fiye da shekara hamsin, har ya mutu a 1761. Ya hana yawo da takobi, ya tsara lokacin wanka da na shan ruwa da na rawa. A 1706 aka gina zauren shan ruwa na farko, wanda ke tsaye yau kuwa na ƙarshen ƙarnin ne. Magina biyu, uba da ɗa, dukansu John Wood, suka ƙawata garin da jerin gidajen dutse mai launin zuma. Gaskiya dai yawancin baƙin nan ba ciwo ya kawo su ba, neman aure ne da caca da ganin ido.

ABIN DA AKAWUNA SUKA RUBUTA

To, shin ruwan yana magani? Amsar da ta fi ƙarfi ba daga bakin sarakuna ta fito ba, daga littattafan wani asibitin talakawa ne. An buɗe shi a 1742 da kuɗin taimako, Nash da wani likita mai suna William Oliver suna cikin waɗanda suka tsaya a kai. Ƙa'idarsa mai tsanani ce, domin ba a so a koma zamanin bara. Kafin a karɓi majiyyaci sai likitan garinsu ya aiko da takardar bayanin ciwonsa, a kuma ajiye fam uku. In ya tashi a biya masa kuɗin komawa gida da su, in ya mutu a binne shi da su. Kowane majiyyaci ana rubuta sunansa, da sana'arsa, da ciwonsa, da ranar shiga da ta fita, da yadda ya fita: ya warke, ko ya sami sauƙi, ko bai amfana ba, ko ya mutu. Haka aka yi ta yi, akawu bayan akawu, fiye da shekara ɗari.

Cikin masu zuwa akwai masu wani ciwo da ke farawa da murɗar ciki, ya ƙare da shanyewar hannu, tafin ya riƙa reto daga wuyan hannu. Masu fenti ne, da maƙeran dalma, da masu ginin tukwane, da mutanen lardin Devon masu shan giyar tuffa. A 1767 wani likita, George Baker, ya nuna cewa dafin dalma ne ke kawo shi, domin da dalma a ke liƙe kayan matse tuffar. A wani bincike da aka buga a 1990 an bi littattafan asibitin, aka tarar daga 1760 zuwa 1879 an kwantar da masu irin wannan shanyewa fiye da 3,000. Kusan rabinsu an rubuta sun warke, fiye da tara cikin goma kuwa sun sami sauƙi ko yaya.

Likitocin zamani sun ba da dalili. In mutum ya zauna cikin ruwa har wuya, nauyin ruwan ya kan tura jini daga ƙafafu zuwa ƙirji, jiki ya ɗauka ruwa ya yi masa yawa, ƙoda ta ƙara fitsari, dalma ta riƙa fita tare da shi. Mutanen nan kuwa watanni su ke yi ana tsoma su sau da yawa a mako. Mu dai muna ganin a ƙara da cewa duk tsawon watannin nan sun rabu da tukunyar fenti da giyar da ke sa musu dafin, suna kuma cin abinci mai kyau. Ke nan rabon ma'adinan ruwan a cikin warakar ba lalle ya kai yadda masu talla su ke faɗa ba. Amma da akawunan ba su cika littafi da gaskiya ba, har da layin waɗanda ba su amfana ba, da ba wanda zai iya auna kome yau.

TONO DA RUFEWA

Ginin Rumawa a hankali ya riƙa leƙowa. A 1727 masu haƙa lambatu suka ci karo da kan gunkiyar Minerva na tagulla mai ruwan zinariya. A 1790, wajen haƙa harsashin sabon zauren shan ruwa, aka tono duwatsun goshin ɗakin tsafi. A 1878 Wankan Sarki ya riƙa yoyo, injiniyan gari, Manjo Charles Davis, ya bi sawun yoyon, sai ga shi cikin magudanar Rumawa. Aka sayi gidajen da ke bisa aka rushe, aka kwashe laka, babban tafki ya bayyana da dalmarsa, wajen tsayin mutum uku ƙasa da titi. Ginshiƙai da mutum-mutumin sarakunan Rum da baƙo ke gani a bisa yau ba na Rumawa ba ne, an ƙara su ne aka buɗe a 1897. Koren launin ruwan ma sabon abu ne: da rufi ya tafi, rana ta samu shiga, gansakuka ta yaɗu.

Daga 1948 Gwamnati ta riƙa biyan kuɗin jinyar ruwa ga wanda likita ya aiko, ta daina a 1976. A watan Oktoba na 1978 wata yarinya da ta yi iyo a wani tafkin gari mai shan ruwa daga idon ta kamu da wani irin sanƙarau, ta mutu. Aka bincika, aka sami wata ƙwayar cuta da a ke kira Naegleria fowleri, wadda ke son ruwan ɗumi. Ta hanci ta ke shiga ta haura ƙwaƙwalwa, kuma da wuya wanda ta kama ya tashi. Nan da nan aka rufe wuraren wanka duka. Garin da sunansa Wanka ya shekara 28 ba mai shiga ruwansa.

Maganin da aka samu shi ne a tari ruwan tun yana can ƙasa. Aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka sa bututu, ruwa ya riƙa hawowa bai taɓa tsohuwar lakar ba. A 1982 kuma aka yi dokar da ta hana kowa haƙa mai zurfi a garin da kewayensa sai da izinin hukuma, don kada a huda hanyar ruwan ya karkata. Sa'an nan aka shiga ginin sabon wurin wanka. An ƙiyasta fam miliyan 13, za a buɗe a 2002. A 2003 har an gayyato shahararrun mawaƙa uku na Turai sun yi wasan buɗewa, alhali ƙofa na kulle, domin fentin cikin tafkunan na ɓarewa, hukumar gari da 'yan kwangila suna jayayya. Sai a watan Agusta na 2006 aka buɗe, kuɗin ya kai wajen fam miliyan 45. Wanda ya taɓa riƙe littafin baitulmali ya san irin daren da ma'ajin garin ya yi ta kwana.

Sabon wurin, Thermae Bath Spa, yana da tafki a kan soro, inda mutum ke cikin ruwan ɗumi yana hangen duwatsun da suka kewaye garin. Ana tace ruwan, a rage masa zafi ya daidaita da jiki, a kuma biya kuɗin shiga. Hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, ta sake sa shi a 2021 tare da waɗansu garuruwan wanka guda goma na Turai. Tsohon tafkin Rumawa kuwa na kallo ne kawai. A 2019 mutum fiye da miliyan ɗaya suka biya suka zaga shi, ana gargaɗinsu kada su taɓa ruwan. Mai son ɗanɗanawa a kan ba shi na bututu a kofi, da ɗuminsa, da ɗan ƙarnin ƙarfe, yawanci kurɓi ɗaya su ke yi su ajiye. Lokaci lokaci ma'aikata su kan zubar da ruwan tafkin, su sauka da tsintsiya da buroshi su goge gansakuka daga kan dalmar, ruwan dattin ya bi magudanar Rumawa ya tafi kogin Avon.